Tuntuɓen Harshe A Bakin Makirfo: Daga Matan Fada Zuwa Filin Ƙwallo

A ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi na Argungu, tun kafin rana ta take, dubban masunta sukan jeru nesa kaɗan da gaɓar Matan Fada, kowa da homarsa da goransa, suna jiran a harba bindiga su ruga cikin ruwa. A cikin wannan babban taro akwai wani mutum guda wanda ba shi da homa, ba shi da gora, amma aikinsa bai gaza na kowane masunci wuya ba. Wannan mutum shi ne mai sanarwa, watau wanda aka danƙa wa makirfo domin ya gaya wa manyan baƙi da talakawa, da kuma waɗanda ke zaune a gida kusa da akwatin rediyo, abin da ke faruwa a ruwa da tudu. Masunci idan ya jefa homa bai kamo kome ba, sai ya sāke jefawa, ba wanda ya lura da shi. Mai sanarwa kuwa idan harshensa ya yi tuntuɓe, kafin ya rufe baki maganar ta riga ta isa Kamba da Jega da Yawuri, ta ƙetare iyaka ta shiga Dosso.

Abin da ake nufi da tuntuɓen harshe a nan ya fi suɓul da baka na ɗan lokaci fāɗi. Ya haɗa da karya sunayen mutane da na garuruwa, da fassarar da ke bin Turanci kalma bayan kalma, da kalmomin sana'a waɗanda mai magana ya ɗauka ya san ma'anarsu alhali bai sani ba. Ƙasar Kabi wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari, domin a nan ne wasannin gargajiya masu tsoffin kalmomi suka haɗu da ƙwallon ƙafa mai baƙin kalmomi, kuma duka biyu ta bakin makirfo suke isa ga jama'a.

Sunan garin shi ne tarko na farko. Baƙi da yawa, har da waɗanda suka ƙware wajen karanta labarai da Turanci, sukan cusa wasali a tsakiya su ce "Arugungu", waɗansu kuwa su haɗiye harafin r su ce "Agungu". Sunan kogin ma bai tsira ba, gama akan ga an juya shi a waɗansu rahotannin Turanci an rubuta "Mata Fadan", sa'an nan wani ya kwafa daga wani har kuskuren ya yi jijiya. Wanda ya san Hausa kuma yana da nasa ramin. Saboda an saba buga takardun labarai ba tare da ƙugiyar haruffa ba, mai karatu yakan koyi cike gurbi da kansa, ya sa ƙugiya inda yake zaton an manta da ita. Da haka ne fada, gidan sarki, take zama faɗa, sai a ji an mai da Matan Fada "Matan Faɗa".

Duk waɗannan ƙanana ne idan aka gwada su da kuskuren sarauta. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991, tana da babban birninta a Birnin Kebbi. Baƙon ɗan jarida idan ya ga Sarki mai daraja ta ɗaya yana zaune a Birnin Kebbi, ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya kira shi Sarkin Kebbi. To, ba haka ba ne. Wanda ke zaune a Birnin Kebbi shi ne Mai Martaba Sarkin Gwandu, magajin gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Sarkin Kabi kuwa, magajin gidan Kanta, a Argungu yake. Dalilin wannan yana cikin tarihi. Birnin Kabi ya daɗe yana gadon sarautar Kabawa bayan Surame, har rundunar jihadi ta ci shi a 1805. Kabawa suka fita, daga baya suka kafa sarautarsu a Argungu, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. A zamanin Turawa ne fadar Gwandu ta koma Birnin Kebbi. Bikin kamun kifin shi kansa, a siffar da aka san shi yau, ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934. Saboda haka mai sanarwa da ya musanya waɗannan sarautu biyu a gaban taro ya taɓa ainihin tabon da aka kafa bikin domin a warkar, ko da kuwa bai yi da nufi ba. Ma'aikacin gwamnati da ke shirya jerin sunayen manyan baƙi ya kamata ya san wannan tun kafin takarda ta bar teburinsa, domin galibi abin da ya rubuta shi mai makirfo zai karanta.

Akwai kuma Arewa. A bakin mutumin Kaduna ko na Kano, Arewa ita ce sashen ƙasa gaba ɗaya. A bakin mutumin Argungu tana iya zama ƙasar Arawa, wadda ƙaramar hukumarta ke da hedkwata a Kangiwa. Idan aka sanar cewa ɗan kokawar Arewa ya yi kaye, masu sauraro biyu sun ji labari biyu. Augie kuma, garin da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta samo rabin sunanta daga gare shi, yakan zama "Ogi" ko "Oji" a bakin wanda ya karanta rubutun da ƙa'idar Turanci.

Kalmomin ruwa

Sana'ar ruwa tana da nata ƙamus, kuma shi ne ya fi wahalar da masu rahoto. Kalmar da masunta ke kiran aikinsu da ita gajeriya ce ƙwarai, watau su, wadda daga gare ta aka sami masunci da masunta. A rubuce ba ta da bambanci da su ɗin da ke nufin mutane da yawa, sai dai murya ta raba su. Mai karanta labari da ya ci karo da "an fara su a Argungu" ba tare da ya duba takardarsa tun da wuri ba, yakan tsaya yana jiran sauran jimlar, yana zaton an tsallake wata kalma.

Homa ita ce ragar hannu ta masunci, amma Homa kuma sarauta ce ta shugabancin masunta a Argungu, kusa da ta Sarkin Ruwa. Gora iri biyu ne: akwai na duma, wanda masunci ke hawa ya yi iyo kuma ya zuba kifinsa a ciki, shi namiji ne, goran masunci, akwai kuma ta sanda, ita mace ce, gorar tsoho. Kabanci na iya nufin karin harshen Kabawa, yana kuma nufin wasannin ruwa da ake yi kafin ranar babban kamu, irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Wanda ya ji an ce za a yi Kabanci da yamma, ya rubuta cewa za a yi jawabi da harshen mutanen gari, ya yi fassara daidai da ƙamus amma ya ɓata labari.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne fashin ruwa. Wannan tsohuwar al'ada ce ta buɗe ruwa domin a fara su, tana cikin jerin al'adun Kabawa tare da gyaran ruwa da gyaran gari da shan kabewa. To amma kalmar fashi a kunnen mutumin wannan zamani, musamman a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, ba ta kawo masa kome a rai sai masu tare hanya. Kanun labari da ya ce an yi fashin ruwa a Argungu, ba tare da jimla guda ta bayani ba, yana iya hana fasinja shiga jirgi. Gyaran gari shi ma sai an kula da muryarsa, in ba haka ba mai sauraro ya zaci aikin masu niƙa ake nufi.

Sai babban kifin da kowa ke fatan kamawa. Giwa mace ce, saboda haka ɗan makaranta da ya koyi nahawu zai so ya ce giwar ruwa. Masunta kuwa giwan ruwa suke cewa, kuma su ne masu kifin. Wannan misali ne na kuskuren mai ilimi, watau gyara abin da bai ɓaci ba. Nauyin kifin ma yana da nasa tarkon. Wanda ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuwa, shekarar da aka farfaɗo da bikin bayan ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba, ya kai kilo 78. Kamfanonin labarai na Ingila da Amurka sukan juya wannan zuwa nasu ma'auni, kilo 78 ya koma kimanin 172. Kalmar Turanci ta wannan ma'auni ita ce dai ta kuɗin Ingila, alhali Hausa ta raba su tun da daɗewa: na nauyi laba, na kuɗi fam. Mai fassara da bai san laba ba sai ya sanar cewa an kama kifi mai fam 172, mai sauraro ya ɗauka farashinsa aka faɗa. A wurin da ake ba da mota da kujerar Hajji a kan bambancin kilo kaɗan, kuma inda aka taɓa ƙwace kyauta a 2008 bayan an gano cewa mataccen kifi aka shigo da shi daga wani wuri, lamba ba abin wasa ba ce. Tun 2016, lokacin da hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, masu ɗaukar rahotonsa sun ƙaru, kuma yawancinsu daga bakin mai sanarwa na gida suke kwafar abin da za su aika.

A gefen ruwa akan yi dambe da kokawa, su ma da nasu kalmomi. A dambe zagaye shi ne turmi, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya yi kisa, ya kashe shi. Ɗan kallo na gidan dambe ba ya jin kome idan aka ce an yi turmi uku babu kisa, ko aka ce Shagon wane ya kashe Shagon wane. Tsohuwa da ke ƙauye, wadda ɗanta ya tafi Argungu da zare a hannu, ita ba haka za ta ji ba idan ta tsinci rabin jimlar daga rediyon maƙwabci. Mai juya rahoton zuwa Turanci kuma, in ya bi kalmar yadda take, ya ba da labarin mutuwar mutumin da ke zaune yana shan fura. Ba a ce a daina faɗin kisa ba, domin kalmar sana'a ce mai asali, kuma dambe ba zai yi daɗin ji ba in babu ita. Abin da ake bukata shi ne a ambaci dambe da turmi kafin a ambaci kisa.

Ƙwallon ƙafa da baƙin kalmomi

Idan kalmomin ruwa sun yi wa mai rahoto tsufa, na ƙwallo sabunta suka yi masa. Wasan ya zo da Turancinsa, kuma gidajen rediyo ne suka ɗauki nauyin yi masa riga ta Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, na Muryar Amurka a 1979, kuma a irin waɗannan ɗakunan labarai, tare da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, aka goge yawancin kalmomin da ake ji yau. Waɗansu sun dace har ba a jin baƙuntarsu. Alƙalin wasa, mai tsaron gida, ɗan baya, bugun kusurwa, bugun tazara, satar gida, hutun rabin lokaci, duk sun zauna daram. Kunnen doki ga wasan da aka tashi daidai, kalma ce da ta fi ta Turancin hoto. Haka nan "biyu da nema", wadda ke nuna cewa ɗaya ɓangaren har aka tashi yana neman ta farko.

Waɗansu kuwa sun yi tsawo har sun fi ƙarfin numfashi. Bugun daga kai sai mai tsaron gida kalma bakwai ne. Tazarar da ke tsakanin ƙwallo da raga mita 11 ce, kuma ƙwallon ba ya cika daƙiƙa guda kafin ya isa. Mai sharhi na kai tsaye da ya tsaya faɗin sunan bugun, kafin ya ƙare an riga an mai da ƙwallo tsakiyar fili. Shi ya sa 'yan kallo a filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, da na gidajen kallo a Argungu, suka tsaya a kan fenariti, kamar yadda suka tsaya a kan gola da kwana da rafali. Matakan gasa sun fi wannan muni. Wasan kusa da na ƙarshe an gane shi. Wanda ke gabaninsa ya zama wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, kuma a nan ne harshe ke yawan zamewa, a bar "kusa" guda a hanya, a ɗaga ƙungiya zuwa matakin da ba ta kai ba. Na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa, wadda aka fara aiki da ita a gasar kofin duniya a Rasha a 2018, har yanzu kowane mai sharhi da irin sunan da yake kiranta.

Ra'ayin da ya fi dacewa a nan shi ne a bar kowace kalma a muhallinta. Doguwar ta dace da labaran ƙarfe bakwai, inda akwai lokaci kuma akwai mai sauraro da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Gajeriyar ta dace da sharhin kai tsaye. Fenariti ba ta fi mota ko asibiti baƙunta ba, kuma harshen da ya karɓi waɗannan bai rasa kome ba. Abin da ya cancanci zargi shi ne jimlar da kalmominta na Hausa ne amma ƙashinta na Turanci. Akan ji an ce ɗan wasa ya rasa fenariti, alhali ɓarar da ita ya yi. Wanda ya rasa abu, nema ya yi bai samu ba. Akan ji "a ƙarshen rana" ana nufin daga ƙarshe, a wasan da aka yi da dare. Akan ji ƙungiya ta dawo daga baya, sai ka ce bayan gari ta tafi, alhali farkewa ta yi. Tun da aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa a 1992 aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, shirye-shiryen wasanni sun yawaita, da yawansu kuma matashi ne ke zaune da waya a hannu yana karanta labarin Turanci daga intanet yana juya shi nan take. Juyin nan take ba ya ba mutum damar tambayar kansa yadda Bahaushe zai faɗi abin.

Kuɗin sayen 'yan wasa wani rami ne. Lokacin da Neymar ya bar Barcelona ya koma Paris Saint-Germain a 2017, kuɗin ya kama Yuro miliyan 222, watau kimanin fam miliyan 200 na Ingila. Lambobi biyu ne na ciniki ɗaya, kuma ba wuya a ɗauki lambar wannan a haɗa da sunan kuɗin wancan. Miliyan da biliyan kuwa harafi ɗaya ya raba su, a ma'ana kuma ninki dubu. Wanda ya saba musanya su a labarin ƙwallo, inda ba wanda zai yi asara, shi ne gobe za a ba kasafin kuɗin jiha ya karanta, ko adadin kadadar shinkafa da ambaliya ta cinye a fadamar Rima kamar yadda ta yi a 2020. A yawancin ƙananan tashoshi mutum ɗaya ne ke yin ayyukan biyu.

Game da sunayen baƙi, ya kamata a yi wa mai sharhi adalci. Hausa ba ta da sautin p ko na v a matsayin haruffa masu zaman kansu, kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali. Saboda haka Liverpool ta zama Libaful, Madrid ta zama Madirid, kuma wannan ba jahilci ba ne, ƙa'idar harshe ce ke aiki. Turawa ma abin da suka yi ke nan da suka mai da Sakkwato Sokoto, Gwandu Gando, Kabi kuma Kebbi, har wannan na ƙarshe ya zama sunan jiha a hukumance. Inda matsala take shi ne harafin da ke canza murya daga ƙasa zuwa ƙasa. Ajax ta Holan, inda Tijjani Babangida ya yi wasa, da y ake faɗinta, haka ma Juventus ta Italiya. A Sifen kuwa harafin nan ya fi kusa da h. Ba a bukatar mai sharhi ya zama Bature, amma ana bukatar ya zaɓi lafazi guda ya tsaya a kai, kada ɗan wasa ɗaya ya sami suna uku cikin rabin sa'a har mai sauraro ya ɗauka an yi canji. Abin takaici kuma shi ne mai karanta labaran Turanci wanda zai kwana yana koyon sunan ɗan wasan Fotugal, amma ba zai ɗaga waya ya tambayi yadda ake faɗin Augie ko Aliero ba.

Ƙirƙira ba laifi ba ce a wannan aiki. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya, wanda muryarsa ta raka ƙungiyar ƙasa lokacin da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980 bayan ta doke Aljeriya da ci uku da nema, ya yi suna ne da laƙabin da yake raɗa wa 'yan wasa, kuma Christian Chukwu ya ci gaba da amsa sunan Ciyaman shekaru da yawa bayan ya daina wasa. Ƙasar Hausa ta san wannan fasaha tun kafin rediyo, a bakin maroƙa da sanƙira da makaɗan maza irin su Ɗan Anace. Bambancin laƙabi da tuntuɓe shi ne, na farko da gangan aka yi shi, kuma mai shi ya san abin da ya faɗa.

Murya da ƙugiya

Tushen yawancin kurakuran karatu yana cikin rubutun Hausa na boko, wanda ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, shekarar da aka fara bikin Argungu, ya nuna su, amma rubutun yau da kullum ya bar wa mai karatu ya gane daga ma'ana. Wuya ta wahala da wuyan jiki iri ɗaya ake rubuta su, saboda haka "ya sha wuya" da "ya ji ciwo a wuya" sai an fahimci jimla kafin a furta. Ƙungiyar da aka lallasa an ce ta sha kashi, kuma wanda bai furta kalmar daidai ba ya faɗi abin da ba a faɗa a gaban manya. Idan aka ƙara da zubar da ƙugiya, abin ya ninku. Baƙi su koma baki, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Da can ana ɗora laifin a kan keken rubutu da ba shi da waɗannan haruffa. Yanzu kwamfuta da wayar hannu duk suna da su ga wanda ya nema, uzurin ya ƙare, saura al'ada.

Akwai kuma abin da waɗansu ke kira kuskure alhali ba shi ba ne. Mai karanta labarai a Birnin Kebbi yakan bi daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano. To amma idan wasa ya yi zafi, ko masunta suka fito da babban kifi, harshen gida yakan ƙwace: "suka" ta koma "sunka", "yana" ta koma "shina", biyar ta koma biyat, "ne" da "ce" su koma "na" da "ta". Ɗalibi da ya yi wa wannan dariya ya nuna iyakar karatunsa, domin masana harshe sun tabbatar cewa karin yamma ya riƙe tsoffin siffofin Hausa da dama waɗanda karin gabas ya saki. Ga masu sauraro na Argungu da Kamba, da 'yan'uwansu na Dosso da Tawa, inda aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasar Nijar a 1975, wannan ita ce Hausar da aka haife su da ita. Abin da ba ya da daɗin ji shi ne mutumin Kabi da ke ƙoƙarin ɓoye karinsa, ya saki nasa bai kama na Kano ba, ya tsaya a tsakiya yana sa "ce" inda "ne" ya kamata.

Aikin daidaita kalmomi ba sabo ba ne. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ɗora daga baya, kuma ita ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai babban ƙamus ba shi ne abin da mai sanarwa zai buɗe a bakin ruwa ba. Abin da zai amfane shi takarda ce ta shafi kaɗan, mai ɗauke da sunayen masarautun jihar guda huɗu, watau Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da cikakkun sarautunsu, da sunayen ƙananan hukumomi 21 tare da alamar murya, da kalmomin ruwa da na dambe da na kokawa da ma'anarsu, da lafazi guda da aka yarda da shi ga kowace kalmar ƙwallo. Gidan tarihi na Kanta yana Argungu, Kwalejin Adamu Augie tana can, Jami'ar Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru suna Birnin Kebbi, kuma kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Sashen kalmomin ruwa ne ya fi bukatar gaggawa, domin ba daga littafi za a samo shi ba. Sai an je an zauna da Sarkin Ruwa da Homa da tsofaffin Sarkawa, da rakoda a hannu, an ɗauki yadda suke furta sunan kowane kifi da kowace raga da kowane gurbi a cikin kogin.